Wake a Gwangwanin Madara

Tun shekarar da aka raba wa ɗalibai allon lantarki mai gyara kuskure, gwaji bai sake lalacewa a ajin Malama Uwani ba, kuma abin ya tsaya mata a rai. Shekara ashirin tana koyar da kimiyya, ba ta taɓa haɗuwa da mala'ika a aji ba.

Ran Litinin ta bi layi tana duba sakamakon waken da ta ba su su shuka a gwangwanin madara. Allo arba'in, magana ɗaya: ya tsiro, santimita goma sha biyu.

"Har kai, Tanimu, da ko akuyar gidanku ba ka iya ba ta ruwa?"

Aji ya fashe da dariya, ban da Lantana, wadda ke ɓoye wani abu cikin hijabi. Malama ta miƙa hannu. Gwangwani ne, ƙasa a jiƙe, babu ko ɗigon kore.

"Wallahi kullum ina ba shi ruwa, Malama. Sau uku ina rubuta cewa bai tsiro ba, allon yana gogewa."

Malama ta saci kallon 'yar fitilar da ke ƙyaftawa saman ƙofa, mai kai rahoton aji ofis. Ta juya wa fitilar baya, ta yi ƙasa da murya.

"Sai da na tafasa waken nan na shanya kafin in raba muku. Ke kaɗai kika leƙa gwangwaninki."

Ta zaro guntun alli daga jaka ta danƙa mata.

"Je ki rubuta a bango. Shi bai iya gyara ba."