Matar da Ta Ƙi Warkewa

"Na ce miki kin warke, Husaina."

"Wallahi ba a warke ba, likita. Ka ba ni kwalbar kawai in tafi."

Dakta Mu'awiya ya ɗaga hoton ƙirjinta a hasken taga, ya karkata kai yana kallonsa kamar mai zaɓen shadda. Zuciya ta koma daidai girmanta, huhu fes, babu ɗigon ruwa. Ya ce magani na marasa lafiya ne. Ta ce idan ya tsayar da shi, gawa za a fitar daga gidansu kafin Juma'a. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya rufe fayil.

Shekarar da soja suka koma bariki ce. Turawan da suka ɗauke ƙafa sun dawo da tallafin bincike, kuma a wani asibiti da ke Gyadi-Gyadi kowane sashe ya samu rabonsa: masu ido, masu ƙoda, masu yara, har masu ƙashi. Shi Dakta Mu'awiya kumburin zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa ya ɗauka. Sabon magani ne, kyauta, babu shi a kowane kemis. Sharaɗi ɗaya ne: mai kati ta zo da ƙafarta a auna ta, a ɗebi jini, sannan a miƙa mata kwalba. Ba a aike.

A kwance aka fara kawo Husaina, fuska a kumbure har ido ya shige, ƙafafu kamar turmi. Ta ɗan samu sauƙi aka sallame ta. Sai mijinta, direba a tashar Unguwa Uku, ya yi hatsari a hanyar Zariya ya rasu. Aka daina ganinta.

Ranar da katin ya sake bayyana, mai riƙe da shi a tsaye ta shigo, ƙwas-ƙwas, ba jariri a baya. Sista Saratu ta kira sunan sau biyu kafin a amsa. Ta kalli kwallin idon, ta taɓe baki, ta ce wa ta kusa da ita, "Matan yanzu, ko ƙasar kabari ba ta bushe ba." Amma awo ya yi kyau, na gaba ya fi shi kyau. Dakta Mu'awiya ya fara zuwa aiki da laktaye.

Yanzu ga shi ƙa'idar binciken ta ce wadda ta warke a cire ta daga layi.

Ba ta haƙura ba. Washegari ta dawo tana tari. Irin tarin da ke fitowa daga can ƙasan ƙirji, da hakin da ke yanke magana gida biyu, da dafa bango kafin a zauna. Sai wanda ya daɗe yana kwana kusa da mai ciwon zai iya shi haka. Har Sista Saratu ta kawo kujera da gudu. Likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, zuciyar ta ci amanarta, tana bugawa lafiya lau.

Ya tura ta sashen ƙoda, suka ce ƙalau. Masu huhu suka ce ƙalau. Daga ƙarshe ya haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya tambaye ta ko tana jin muryoyi. Ta ce e, tana jin tasa.

Ta bi kemis-kemis na Tarauni da kwalbar da ta ƙare, kowa ya jujjuya ta ya mayar mata. Ta dama kunun kanwa mai kauri ta yi ta ɗurawa cikinta, ta ɗaure idon sawu da igiyar zani ko Allah zai sa ƙafar ta kumbura. Gudawa kawai ta samu.

Ranar Laraba ta durƙusa a ofishinsa, ta kama ƙafar tebur.

"Don darajar iyayenka, likita. Ko rabin kwalba."

"Tashi, Husaina, tashi. Gobe akwai babban taro, kowane sashe zai faɗi abin da ya gano. Ke ce abin da na gano. Ina so ki tsaya gaban farfesoshi su gan ki da idonsu."

Ta saki ƙafar teburin ta miƙe. Sannan ta ce ba ta da ikon zuwa taro sai an tambayi Baba Maje, wan mahaifinta, kuma ba ya karɓar saƙo, sai mutum ya je da kansa.

Bayan la'asar motar likita, ɗauke da ita da Sista Saratu, ta tsaya a wani lungu a Daurawa, inda fastocin 'yan takara suke ta ɓarewa a jikin katanga. Baba Maje yana zaure. Ya amsa gaisuwa, ya ji ana son kai Husaina taro, ya ce shi a gidansa addini ake bi, mai takaba ba ta taka ko dokin ƙofa. Likita ya kalli matar da ta kawo su, bai gane ba, ya dai ce haka ne, Baba.

Ta ja hannun Sista Saratu zuwa ciki, ta ce likita ma ya shigo, lalura ce.

Ɗakin duhu-duhu. An jingina wata mata da matasai uku, fuskarta na kallon bango, tana jan numfashi kamar ana zuƙe shi ta tsinke. Ƙafafunta sun kumbura har suna sheƙi. Jariri na barci a gefenta. A kan taga kwalabe ne a jere, duk babu komai ciki, kowace da rubutun hannun likita.

"Wace ce wannan?" in ji Dakta Mu'awiya.

"Husaina ce mana, takaba take yi. Ni Hasana ce, ni nake zuwa ana auna mata. Ai ciki ɗaya muka zauna, likita, duk abin da ka gani a jinina yana nan a nata."