Jan Tauraro a Shafin Ƙarshe

A ƙarƙashin matashin kujera Auta ta tsinci littafin, kwana biyu da zuwanta gida hutun ƙarshen shekara. Ɗan ƙarami ne, bangonsa ya sha hannu. An zana wata budurwa riƙe da akwati a tashar wani ƙaramin gari, wani saurayi yana leƙenta ta tagar gidan burodi. Littafin soyayya. A falon Baba!

Baba fa, tsohon kafintan da ba ta taɓa ganin ya karanta komai ba sai awon katako. Mutumin da wata goma sha ɗaya kacal ke nan da rasuwar matarsa.

Ta buɗe shafin ƙarshe. Akwai 'yan ɗige-ɗige da zane-zane irin na littafin da ya zaga hannuwa, ba ta bi ta kansu ba. Abin da ya tsaya mata a rai yana can kusurwar ƙasa: taurari biyu da jan biro, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya siriri ne tsaf, jansa ya ɗan koɗe, da gani hannun mace ne. Ɗayan a karkace, an danna biron har ya kusa huda takardar. Wannan kam ta san mai shi. Haka yake yi wa katako alama.

Ta mayar da littafin inda yake, ta sa ido.

Kullum da hantsi Baba zai sa riga mai guga, ya taje gemu, ya soka littafi a aljihu ya fita. Ya dawo da wani. Da ya shiga wanka Auta za ta lallaɓa ta duba. Ranar da littafi ya shigo gidan, tauraro ɗaya ne. Ranar da zai fita, sun zama biyu. To, in ba saƙo ba, mene ne wannan?

Rana ta huɗu ta bi bayansa. Ya wuce shagon aski, ya wuce mai gyaran waya, ya shiga wani ɗan shagon aron littattafai da aka rataya wa fitilu masu launi. Mai shagon dattijuwa ce mai fara'a, gilashinta a kan karan hanci. Ko kantar littattafan ba ta duba ba, ta sunkuya ta ciro littafi daga ƙarƙashin tebur. Ajiye masa ta yi ke nan! Baba ya karɓa, bai kalli bango ba, sai da ya fara buɗe shafin ƙarshe. Ya yi wani murmushi da rabon Auta da ganinsa tun kafin jinyar Umma.

Ranta ya ɓaci, ɓaci na gaske. Umma, shugabar makaranta ta shekara da shekaru, ba ta ƙaunar ko ganin irin littattafan nan. Guda uku ta ƙwace a hannun Auta, ta ce shirme ne, har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Matar da ko a hutu ba ta hutawa, sai ta kulle ɗaki da jan bironta tana duba takardun jarrabawa. Shekara ba ta cika ba, har an sami wadda za ta zauna a kujerarta, kuma ta hanyar shirmen da ta fi tsana.

Ta kira yayanta a waya. "Yaya, wallahi Baba zai ba mu kunya." Ya ce ta bari ya iso ranar Asabar. Ina! Auta ba ta iya jira ba tun tana goye.

Wajen cin abinci ta taɓa shi. "Baba, yaushe ka fara karatu?"

"Tsufa ne, Auta. Miƙo min ruwa." Ya kurɓa, ya ce kamar da kansa yake, "Saura kaɗan in gama."

"Ka gama me?"

Ya tashi ya wanke hannu.

Da ya kwanta barcin rana ta zare littafin daga aljihun rigarsa, ta nufi shagon, tana tafe tana jera maganganun da za ta faɗa. Ta dire shi a kan tebur, ta buɗe, ta ɗora yatsa.

"Baiwar Allah, mahaifina ba yaro ba ne. Wannan wasan taurarin ya isa haka."

Dattijuwar ta dube ta, ta dubi shafin, ba ta yi fushi ba. "Ke ce Auta. Zauna, 'yata."

"A tsaye ma ina ji."

"Duk mai aro a nan yana da alamarsa, don kada ya sake ɗaukar wanda ya riga ya karanta. Ɗigo ukun nan na matar direba ne. Wannan ɗan zoben na mai kitso. Ni ba ni da alama, na san kayana."

Auta ta sake duban shafin. "To tauraron fa?"

Dattijuwar ta cire gilashinta, ta goge shi da bakin mayafi. "Shekara ashirin da biyu, duk hutun ƙarshen shekara, a jakar takardun jarrabawa ake fita da littattafai masu tauraron daga shagon nan. Mahaifinki ya ce in nemo masa su ɗaya bayan ɗaya, yana so ya san abin da ke sa ta dariya a bayan ƙofa. Tauraron Ummanki ne."