Idon Baba Andani

Hajiya Safiatu ta kashe wayarta tun da ta shigo ofis, don ta san halinta. Wayar na yin ƙara za ta samu dalilin ɗage maganar zuwa gobe, kuma goben nan ta riga ta cinye damina guda.

Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu man kaɗanya a unguwar Tishigu, cikin garin Tamale. Duk mai aiki a wurin ya san idon Baba Andani, direban lorinsu, ya fara mutuwa. Yana ta rufe na hagu, na dama ma sai a hankali. Ran nan ya bi ta kan buhunan da aka jera a ƙofa, ya ce rana ce ta haske shi. Aka yi dariya, har da ita.

To, ta yaya za ta karɓe makulli a hannun mutumin da ya kai gawar mahaifinta makabarta a lorin nan, mutumin da har yau sai ta rusuna take gaishe shi? Kullum da safe shi ke kwaso matan daga Nyanshegu, unguwarsu, har da yaransu 'yan makaranta. Iyakar abin da ta iya shi ne ta cire 'yarta Najat daga cikinsu. Ta saya mata keke, wai don motsa jiki. 'Ya'yan mutane kuwa ta bar wa Allah, kuma ta san ba ta kyauta ba.

Yau dai ta rantse za ta faɗa. Ta ma tsara yadda za ta sassauta: ba kora ba ce, gadin sito za a ba shi, ya zauna a inuwa.

Ya makara. Ba ta ji ƙugin lorin ba, sai sallama kawai. Da ta ga ya shigo tare da Afa Abdul-Rauf, limamin unguwarsu, ranta ya ɓaci. Wato wani mai sakin baki ya tsegunta masa, shi kuma ya ɗauko babba a roƙe ta. Haka ake yi a Tamale, kuma in babba ya riga ka magana, to bakinka ya mutu.

Ta nuna musu kujeru, Andani ya zauna a ƙasa. Ta kawo ruwa, babu wanda ya taɓa. A tsakar gida ko turmi ɗaya ba a taɓa ba, matan sun yi cirko-cirko a bakin taga. 'Yan gulma, ta ce a ranta, to su ji da kyau.

Liman ya gyara murya, ta riga shi.

"Afa, a gafarce ni, yau ba na jin roƙo. Baba, idonka ba ya gani. Kowa ya sani, ni ma na sani tun bara, kunya ta hana ni. In na bar maka lorin nan wata rana za ka kashe ɗan wani, kuma alhakin yana wuyana."

Ba ta rufe baki ba Andani ya ajiye makullin a gabanta. Hannun rigarsa a jiƙe kamar yanzu aka wanke shi. Tausayi ya kama ta, da wani sanyi a zuciya. Ashe abin da ta shekara tana gudu bai wuce haka ba.

Ta fara zancen gadin sito, Afa ya ɗaga mata hannu.

"Ba roƙo ya kawo mu ba, Hajiya. Daga asibiti muke, kuma Mai abu ya riga ya karɓi abinsa."

Andani bai ɗaga kai ba. "Wallahi ban ga keken ba, Safiatu. Sai da na sauko na ɗago ta, na kawo fuskarta dab da idona, sannan na gane Najat ce."