Sunana a Bayan Kati

Ina ɗan shekara goma a Greensboro, Baba ya same ni bayan la'asar ina jera katunan da nake tarawa masu hotunan 'yan ƙwallon kwando. Ya zaro biro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunana a baya, yadda ake yi wa kaya a makarantar kwana.

"Baba, za su lalace!"

"Kai, tafi can. Abin da ba suna, na kowa ne."

Bana na saka katin da ya fi daraja a gwanjon intanet, ko da yake rubutun marigayi Baba bai rage mini a ko'ina ba sai a katunan. Wani mai saye ya tambaya ko tawadar tana goguwa. Na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba. Na amsa masa cewa ban gwada ba tukuna.