Gadar da Aka Kira Akurki

Bari in ba ka misali da wani maƙeri. A garinsu akwai tsohuwar gadar ƙarfe a kan kogi, sandunanta a gicciye, uku-uku suna riƙe da juna kamar duwatsun murhu. Ba ta da ƙafa ko ɗaya a cikin ruwa, a kan dutsen gaɓa biyu ta zauna. Ubansa na cikin waɗanda suka gasa ƙusoshinta lokacin da aka kafa ta, kuma shi ya koya masa cewa babu sandar da ke ɗaukar kaya ita kaɗai, kowace miƙa wa 'yar uwarta take yi. Duk rani sai maƙerin ya bi ƙusoshin nan da guduma yana saurare, wadda ta yi amon fasasshiyar ƙwarya ya cire ya sa sabuwa. Da aka gina gadar siminti sumul a ƙasa kaɗan, sai mutanen gari, da yake ido ba ya raina sabo, suka laƙaba wa tsohuwar suna akurkin kaji, har suka shirya 'yan gwangwan su zo su yanka ta. Abin ya yi wa maƙerin ciwo ƙwarai. Ya je gaban dattawa ya ce, "Ku bar ta ta ga damina ɗaya." Suka bar ta, don su huta da nacinsa.

A watan marka kogi ya kawo, ya jibge itatuwa a ƙafafun sabuwar gada, kafin azahar ya kwashe tsakiyarta. Ga mutanen hayi ruwa ya ci gidajensu, sun taru a gaɓa da shanu da motar hatsi, kowa na tsoron akurki. Maƙerin ya saɓa gudumarsa, ya taka har tsallake, ya tsaya gaban motar ya yafito direba, ya juyo yana tafe tana bin sa. Gada ta yi nishi, ta riƙe. Har la'asar ana wucewa, ko akuya ba a rasa ba. Maƙerin kuwa, don murna, sai shafa ƙarfen yake yi. Da rani ya zagayo, waɗanda suka kira 'yan gwangwan su ne suka riƙe masa tsani yana bin ƙusoshin da guduma.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.