Tsagar Jikin Ƙofa

"Kaka, ba a taɓawa," in ji yarinyar da ke wa ayarinmu na 'yan yawon buɗe ido jagora. "Sojojin sarki ne suka tsattsaga ƙofar nan, shekara ɗari huɗu ke nan."

Na janye hannu. Jirgin ƙasa mai gudu ya sauke mu a tsohon garin Pingyao kafin hantsi, tafiyar kwana biyu a zamaninmu. Sojoji? Ba a nan uwata ke tsayar da ni duk sabuwar shekara, ta tsaga da wuƙa daidai tsawona ba? Ko gidan na ɓata?

Da ayarin ya yi gaba, na cire jar hular da aka raba mana, na jingina bayana da ƙofar. Tsufa ya ci mini tsawo. Tsagar ƙarshe, ta shekarar da na bar gida, ta zauna daidai kaina.