Maƙwabtan Haidar

Malam Dabo ya ɗaga murfin kwanon, ya shinshina, ya juye abincin gaba ɗaya a kwandon shara. Taliya ce da cuku, da sauran ɗuminta. Ba yau ya fara ba, kuma ko ɗar bai ji ba.

Tsohon jami'in kwastan ne, a iyakar Jibiya ya ƙare aikinsa. Abin da aikin ya koya masa shi ne, duk direban da ya sauko da murmushi da kyauta a hannu, to a leƙa ƙarƙashin motarsa. Ɗansa Haidar, injiniya, shi ya matsa masa lamba ya zo garin Upper Marlboro a Amurka ya huta. Ina hutu? Tun ranar da ya sauka idonsa ke kan maƙwabta.

Mutanen nan sun ɗaure masa kai. Ka gamu da mutum a hanya, ya washe baki ya tambaye ka lafiya, kafin ka amsa ya sha kwana da karensa. Ba mai leƙa gidan wani sai da alƙawari. Amma waɗannan da ba su da lokacin gaisuwa, su ne kullum da yamma ɗayansu zai ajiye abinci a ƙofar Haidar, ya danna ƙararrawa, ya juya abinsa. Yau Abby ta gidan da ke kallon nasu, gobe wata tsohuwa Sophia, jibi wani can na ƙarshen layi. Bi da bi, kamar masu karɓar gadi. Ranar Asabar kuma mijin Abby, wani ƙato mai suna Darnell, ya turo injinsa ya yanke musu ciyawa, ko ruwa bai karɓa ba.

"Me suke nema a wurinku?" ya tambayi surukarsa Sailuba.

"Ba komai, Baba. Haka Amurkawa suke."

Komai ya tambaya amsar ke nan. Ya ɗan yi tari ta miƙo masa takunkumi, haka Amurkawa suke. Ya shigo daga waje ta nuna masa wurin wanke hannu kamar ɗan firamare, haka Amurkawa suke. Har ya soma jin haushin maganar.

Sai ya koma wa tsohon aikinsa, ya sa ido. Haidar ya yi askin ƙwalkwabo, ya ce zafi ne. To ai Darnell ma ƙwalkwabo ne. Mijin Sophia, tsoho tukuf, shi ma kansa sai ƙyalli. Kowannensu da wani zoben roba kore a wuyan hannu, har Sailuba tana da nata, tana tura shi cikin hannun riga idan ta ga yana kallo. Bishiyoyin layin kuwa an ɗaɗɗaura musu ƙyalle, shi ma kore.

Malam Dabo ba yaro ba ne. Tun a gida ya sha jin labarin ƙungiyoyin asiri, masu jan mutum da alheri har sai sun raba shi da addininsa. Aski iri ɗaya, alama iri ɗaya, abinci kyauta. Me ya rage?

Ranar Talata ce ta fi tayar masa da hankali. Da safe ɗaya daga cikin masu ƙwalkwabon zai tsaya da mota ya ɗauki Haidar, alhali tasa motar na gareji lafiya lau. Sai bayan la'asar a dawo da shi yana tangaɗi, ido ya faɗa, ya wuce banɗaki ya yi ta kwara amai. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a gabansa, yaron da ke tashinsa sallar asuba, yau shi ne ke haɗa Azahar da La'asar, a zaune ma. Me suke ɗirka masa a can?

Ya tsare shi a falo. "Haidar, ina kuke zuwa da mutanen nan?"

"Harkar aiki ce, Baba. Gajiya ce kawai."

Kafet Haidar yake kallo da ya faɗa. Malam Dabo ya ga maƙaryata iri-iri a bakin shinge, ba wanda ya taɓa sa shi baƙin ciki sai wannan. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga ɗansa na zame masa daga hannu a ƙasar da bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ya ƙudurta a ransa, ko da tsiya sai ya raba shi da su, in ta kama ya tasa shi gaba har Katsina.

Washegari da yamma ya laɓe a bayan ƙofa. Yana jin takun Abby ya buɗe, tun kafin yatsanta ya kai ga ƙararrawa. Ya miƙe ƙyam, ya ɗauko Turancinsa na bakin iyaka.

"Koma da abincinki. Na san komai. Na san inda kuke kai ɗana ranar Talata, na san abin da ake yi masa."

Ya jira ta firgita, ta fara kame-kame kamar yadda masu laifi ke yi. Maimakon haka sai ta ajiye kwanon a ƙasa, ta dafe ƙirji, idonta ya ciko da hawaye.

"Kai, na ji daɗi! Ashe ya gaya maka," ta ce. "Mun yi ta roƙonsa. Mu nan ba ma ɓoye irin wannan, amma ya ce a wurinku ɗa ba ya ɗora wa ubansa irin wannan nauyi, ganinka kusa ma ya ishe shi. Askin da mazanmu suka yi da koren zoben nan, duk don ya san muna tare da shi ne."



Ta share ido da bayan hannu. "Don Allah ka biyo mu Talata mai zuwa. Duk sanda aka sa masa ruwan maganin ciwon dajin nan, kai yake kira."